Wayar da Ba Ta San Mahaifiyata Ba

Ni ne ɗan farin mahaifiyata, saboda haka na girma ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ita haihuwar Kano ce, aure ya kawo ta Abidjan da ƙuruciyarta, ta taho da kunyar ɗan fari, kuma duk daɗewarta a unguwar Adjamé ba ta rage ko kaɗan ba. Idan abinci ya nuna, sai ta fuskanci bango ta ce, "A zo a ci." Idan tana son aikena, ƙanwata za ta gaya wa, ko da kuwa ina tsaye a gabanta. Abokaina na makaranta sun sha tambayata ko faɗa muka yi. Da ina yaro abin ya sha cina a rai. Da na girma na gane, na kuma ɗauki nawa rabon kunyar: Hajiya nake ce mata, ba na haɗa ido da ita, ba na zama a kujerar da ke dab da tata.

Mahaifinmu ya rasu, ƙanwata ta yi aure ta koma Bromakoté, gidanmu na Saint-Michel ya rage daga ni sai ita. Mutum biyu da ba sa hira, a ɗaki biyu da falo.

Hajiya tana da yaya a Kano, ita kaɗai ta rage mata a cikin 'yan ɗakinsu. Inna muke ce mata. Kunnen Inna ya yi nauyi, idan an kira ta a waya sai a ƙare da ihu ba a fahimci juna ba. Abin da ke yi mata daɗi shi ne saƙon murya, don jikarta takan kara mata wayar a kunne ta maimaita har sai ta ji. Hajiya kuwa ƙaramar waya mai maɓallai gare ta, ta ƙi babba ƙememe, wai ita ba za ta riƙe madubi a kasuwa ba. Don haka lambata jikar ta samu, saƙonnin Inna ta wayata suke shigowa.

Ba mu taɓa zama mun tsara abin ba. Kullum da safe, in zan shiga wanka, sai in ajiye wayar a kan teburin falo, babu makulli babu komai. Daga banɗaki ina jiyo muryar Inna sama-sama, daga baya kuma in ji Hajiya ta yi ƙasa da murya tana ba da amsa. Ni kuma sai in yi ta cuɗa ƙafar da na riga na cuɗa. In na fito, wayar tana inda na bar ta, Hajiya tana kicin kamar ba ta taɓa ganin ta ba. Shekara huɗu muna haka, kuma ban taɓa buɗe hirar tasu na saurara ba.

Aikina a Treichville yake, a wani ƙaramin ofis kusa da tashar jiragen ruwa, inda muke fitar wa 'yan kasuwa da kaya. Yawancinsu alhazan arewacin Najeriya ne da ba sa jin Faransanci, ni ne bakinsu, ni ne kuma ma'ajiyar takardunsu. Hoton fasfo, takardar kaya, lambar kwantena, duk a wayata suke kwana. Wata rana ɓarayin intanet suka shiga wayar ɗaya daga cikinsu, suka riƙa aika wa mutanensa saƙo da sunansa. Na ga dattijo mai furfura yana bin mutane yana rantsuwa ba shi ba ne. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. Na fara lura da abubuwan da a da ba na kulawa: in na nemi farashin taya yau, gobe tallar taya ta cika min fuska. Manhajar tocila ma wai tana neman izinin ganin lambobin mutanena. Me tocila za ta yi da lambar kawuna?

Wani abokin karatuna da ke gyaran waya a kasuwar wayoyi ta Adjamé shi ya nemo min irin wadda ba ta tsegumi. A ido waya ce kamar kowace, amma an sauya mata tsarin ciki, ba ta kai rahotona ko'ina. Ranar Asabar na zauna a shagonsa tun hantsi har la'asar muna zuba manhajoji ɗaya bayan ɗaya. Taswira ta farko da muka sa ta san titin Paris sarai, amma ta rasa layinmu, sai da muka sauya wata. Manhajar aika kuɗi ta yi gardama sau uku kafin ta yarda. Ta lokutan salla ta nemi sanin inda nake a kowane lokaci, na hana ta, na rubuta mata Abidjan da hannuna. Kowace ta zo da roƙonta, ni kuma ina ta danna a'a, ina jin kaina kamar wani babban jami'in kwastan.

Sai muka zo kan manhajar hira, wadda kowa yake amfani da ita. Abokina ya ce ita ce uwar tsegumi, amma ba a iya rabuwa da ita gaba ɗaya. Ya nuna min dabara: wayar tana da wani ɓangare na daban, kamar ɗaki mai ƙofarsa, in ka sa manhaja a ciki ka rufe, barci take yi, ba ta ji ba ta gani, ba ta kuma ƙara. Can muka kulle ta. Na sa wata sabuwa mai tsaro, na aika wa abokan aiki da alhazaina cewa su same ni a can. Daga ƙarshe na ɗora babban yatsana a kan gilashin, wayar ta haddace zanensa. Daga ranar ba ta buɗe wa kowa sai ni.

Wallahi ko sau ɗaya Hajiya ba ta faɗo min a rai ba. Wannan shi ne abin da har yau nake jin kunyarsa.

Washegari na ajiye wayar a kan tebur kamar kullum, don hannuna ya saba, na shiga wanka. Ban ji muryar Inna ba, na ce ƙila ba ta aiko ba ne. Kwana biyu, kwana uku, shiru. Sai wankana ya gajarce da kansa. Ina ta murnar batirina yana kwana biyu bai mutu ba, ina cika wa abokan aiki baki, har suka sa min suna ɗan leƙen asiri. Na lura gilashin yakan yi dishi-dishi da safe, kamar an shafa shi da yatsa mai mai, sai in goge da gefen riga in wuce.

Mako uku aka yi a haka. Ranar wata Juma'a ƙanwata ta zo ofis, ko sallama ba ta gama ba ta ja kujera.

"Yaya, me ka yi wa *la vieille*?" Tsohuwa ke nan da Faransanci, Hajiya take nufi.

Na ce, "Ni? Me ta ce na yi?"

"Ita za ta ce? Ka taɓa jin ta ce? Jiya na je rumfarta na tarar ta auna wa wata mata yadi biyar a maimakon shida. Maman! Na matsa mata, sai ta ce wai wayar gidan ta daina sanin mutane."

Ta ci gaba da cewa:

"Saƙon ƙarshe da ta ji, Inna ta ce ƙafarta ta kumbura za a kai ta asibiti. Tun daga nan ba ta ƙara jin komai ba. Ta kira da ƙaramar wayarta, layi bai shiga ba. Kullum da safe sai ta ɗauki taka ta shafa, ta shafa, ta ajiye. *Vraiment*, Yaya, kai da boko ya yi wa yawa."

Na ce, "To me ya hana ta tambaye ni?"

Ƙanwata ta dube ni kamar yau ta fara ganina. Ni ma da maganar ta fita na ji wautarta. Matar da ba ta iya ce min in miƙo mata gishiri, ita ce za ta ce in buɗe mata wayata?

Tana fita na buɗe ɗakin da na kulle manhajar. Saƙonni suka yi ta zubowa, na Inna kaɗai goma sha ɗaya. Na ce bari in ji na ƙarshe, in san ko lafiya, kafin in kai wa Hajiya. Garin sauri allon ya zame sama, na danna wanda ba shi ba. Muryar da ta fito ta Hajiya ce, amsar da ta aika ana gobe zan sauya waya.

Ban san muryar ba. Wato na san ta, amma ban taɓa jin ta a sake haka ba, da dariya a ciki, da Kananci tsantsa. Tana yi wa Inna sannu da ƙafa, tana faɗa mata ta daina cin gishiri. Sai kawai na ji sunana. Cikakke, yadda aka raɗa min shi, ba yadda 'yan Abidjan suke gutsure shi ba. Ta ce, "Yana nan lafiya, yana wanka. Da gangan yake daɗewa don in gama, yana zaton ban sani ba. Yaron nan, Yaya, Allah dai ya yi masa albarka, ban taɓa neman abu na rasa ba a wurinsa."

Na tsayar da shi a nan. Ni da na kashe Asabar guda don kada wani ya saurari abin da ba nasa ba, ga ni ina sauraron abin da ba nawa ba. Na kifa wayar a kan tebur, na yi kuka sosai, a ofis, da rana tsaka, ina ɗan shekara talatin da bakwai. Daɗi ne da kunya suka haɗu, ban san wanda ya fi yawa ba.

Daga ofis zuwa kasuwar Treichville tafiyar ƙafa ce. Rumfar Hajiya tana sama, layin masu atamfa, inda ta shekara fiye da talatin tana aunawa tana ninkewa. Na tarar da ita zaune, hannu a kan cinya, ba ta ko kiran masu wucewa. Na gaishe ta, ta amsa wa turamen atamfar da ke gefena. Na buɗe saƙon Inna na farko a cikin sha ɗayan, na ajiye wayar a kan benci, na koma bakin rumfa na juya baya.

Inna tana da rai. An kwantar da ita kwana shida, an sallame ta. Amma daga saƙo na bakwai muryarta ta sauya, ta fara tambaya ko ta yi wani laifi ne. A na ƙarshe cewa ta yi, "In fushi kike, ki yafe min, mu biyu muka rage." Na ji Hajiya ta ja numfashi. Ta daɗe tana ba da amsa, ni kuma na matsa gaba har wajen masu sayar da kwanuka don kada in ji.

Da na dawo na tsuguna a gabanta, abin da ban saba ba. Na ce, "Hajiya, wayar nan yatsa take ganewa. Ina so ta san naki."

Ta ce da bencin, "A bar shi. Ba sai an wahala ba."

Na ce, "Ba wahala."

Na shiga wurin ƙara yatsa, na miƙa mata. Ta ɗora babban yatsanta, wayar ta ce a sake. Ta sake, ta ce a sake. Na leƙa yatsan, sai na ga ya yi sumul, shekarun murza atamfa sun cinye zanen. Muka gwada manuni, shi ma haka. Maƙwabciyarta, wata 'yar ƙabilar Jula mai barkwanci, ta leƙo tana dariya, ta ce wayar ma ta san Hajiya ba ta son a san sirrinta. Hajiya ta fara janye hannu, ta ce, "An gani ai. Ba ta karɓa."

Ban san lokacin da na kama hannun ba. Rabona da riƙe shi tun ina ƙaramin da ake tsallakar da ni titi. Ya fi yadda nake zato ƙanƙanta, da sauran lalle a farce, yana ƙanshin sabon yadi. Na ji ta ɗan ƙame, amma ba ta fizge ba. Na bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, sai a ɗan ƙaramin na ga zane ya rage, don shi ba ya taɓa kaya. Na ɗora shi a kan gilashin, na ɗaga, na ɗora, na ɗaga. Da'irar da ke allon ta riƙa cika kaɗan-kaɗan. Wayar tana neman a maimaita sau da yawa, ni kuwa ban taɓa gode wa na'ura saboda jinkiri ba sai ranar. Ita tana kallon layin kasuwa, ni ina kallon yatsan, har wayar ta yi ɗan motsi ta ce ta karɓa.

Na fito da manhajar hira daga ɗakin da na kulle ta, na hana ta duk abin da zan iya hanawa, na ajiye ta a fuskar farko inda Hajiya ta saba ganin ta. Na kashe allon na miƙa mata. Ta taɓa da ɗan ƙaramin yatsa, ta buɗe. Takardun alhazaina duk suna ciki, ban kuma ji ko ɗar ba.

Na miƙe zan koma ofis, na ce, "Sai na dawo, Hajiya."

Ta ɗauki wani turmi tana gyara masa ninki, alhali a ninke yake. Ba ta ce "a dawo lafiya" ba kamar kullum. Ta ɗago, ta dube ni, ni ɗin, ba bango ba.

Ta ce, "Gobe ka daɗe a wankan. Maganar da yawa."