Goyon Gaba

Damina ce mai ƙarfi a shekarar, irin wadda ruwa kan zo da ƙanƙara ya kakkarya ganyen masara. Dankalin Turawa ya yi arha a Farin Gada, kowa na murna, ni kuwa ina fama da kumburin ƙafa. Cikina yana wata bakwai na haifi 'yar autata. Bakwaini ce, gaba ɗayanta ba ta kai tsawon damtsena ba.

Kwalaben ɗumama bakwaini na asibitin duk akwai jarirai a ciki, don haka aka kai mu ɗakin wani likita mai furfura a gemu, wanda nas-nas suka ce bincike yake yi. Ya zauna a bakin gado ya yi mini bayani a hankali. Ya ce sanyi ne babban abokin gābar irin waɗannan yara, kuma likitoci a wurare da yawa sun gwada sun gani cewa ɗumin ƙirjin uwa yana tsare su. Zan ɗaure ta a gaba, fata da fata, ba wanka tukuna. Ya ja layi da jan biro a katinta, ya ce idan nauyinta ya taɓa layin za mu koma gida. In ya yi ƙasa, sai a nema mata kwalba a wani asibiti, a raba ni da ita.

Da ya ji na yi ajin yaƙi da jahilci sai ya ba ni littafi da biro, in riƙa rubuta lokacin da ta sha nono da abin da ma'aunin zafi ya nuna. Na karɓa. Ban taɓa rubuta abin da likita zai karanta ba.

Surukata ta zo daga Nasarawa Gwom da kunun kanwa a fulas. Da ta gan ni sai ta riƙe haɓa. Ta ce ita dai ta goyi tara a baya, duk sun sha wankan ruwan zafi, ba ta taɓa ganin mai goyo a gaba ba sai biri. Matar gadon kusa da ni, 'yar Anguwan Rukuba, ta yi dariya har ɗanta ya farka. Likita bai yi musu da ita ba. Ya ce mata, "Inna, ki zo kowace safiya mu ɗora ta a sikeli tare. Abin da ya nuna shi za mu bi, ni da ke."

Kwana uku sikelin bai motsa ba. Ɗamarar da asibiti suka ba mu mai santsi ce, da na ɗan kishingiɗa sai ta zame, ƙafafun yarinya su fito waje su yi sanyi. Na ji nauyin faɗa. Sai na cire ta a ɓoye, na ɗauko tsohon zanena da majanyi, na yi ɗaurin da uwata ta koya mini, na dai juyo da shi gaba. Amma ban iya yi wa littafin ƙarya ba. Na rubuta a gefe: yau na sa zanena.

Da ya zo zagaye ya karanta, na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Ya daɗe yana bin layukan da yatsa, yana duba zafin jikinta kafin zanen da bayansa. Sai ya ce in kwance in sake ɗaurawa ya gani. Ya ce shi ya zaɓo ɗamarar da kansa, amma wataƙila ya yi kuskure, kuma yaro ɗaya bai isa shaida ba. Ya nemi yardar sauran iyayen su gwada, kowa a rubuta mata nata. Bayan 'yan kwanaki na ga nas tana tattara ɗamarun a kwali.

Surukata ba ta fasa zuwa ba ko sau ɗaya. Ita ce ma ta fara gane lambobin sikelin kafin ni. Ranar da nauyin ya taɓa jan layin, ta dubi likita ta ce, "To, ɗan nan, biri ya yi gaskiya." Ya ce mata zanen surukarta ne ya yi gaskiya, shi rubutawa kawai ya yi. Ya sa hannu a takardar sallama, ya roƙi in bar masa littafin, ya ce gobe za mu tafi.

Washegari da safe, kafin maigidana ya iso da mota, na ga an kawo wata yarinya mai haihuwar fari, tana kallon ɗanta bakwaini tana tsoron taɓa shi. Na miƙa wa surukata 'yata, ta cusa ta cikin rigarta ba tare da na ce komai ba. Na je na ce wa yarinyar ta ɗauko zanenta mafi taushi, na tsaya a bayanta, muka ɗaura tare.