Kawu Garba da Yayansa na Beijing

Duk wanda ya san Kawu Garba a garin Sterling ya san ba ya gama gaisawa da kai sai ya ji shekarunka. In ka girme shi ko da wata guda, ka zama Yaya, ko leda ba za ka ɗauka a gabansa ba. In shi ya girme ka kuwa, sai haƙuri.

Da aka yi masa aikin zuciya, likita ya hana shi duk wani aikin ƙarfi. Kawu ya ce, "Shekararka nawa?" Ya ce arba'in. "To, yaro, na ji." Washegari sai ga shi yana canza taya!

Bayan wata shida ya nace sai ya bi ni China taron ma'aikatan jinya. A filin jirgi matarsa, Inna Rabi, ta riƙe hannuna. "Hadiza, amana ce. Ki dawo min da shi da ƙafarsa."

A Beijing muka hau keke mai ƙafa uku, irin wanda ake zagawa da baƙi lungunan tsohuwar unguwa. Mai yi mana jagora tana nuna tsofaffin ƙofofi, Kawu kuwa furfurar mai keken yake kallo.

"Tambayar min shekarunsa."

Saba'in da ɗaya. Kawu sittin da tara.

"Innalillahi! Yayana ke ja na? Tsaya!"

Na sauko in ba shi baki. Kafin in juyo ya zaunar da tsohon a baya, ya taka keke, sun sha kwana. Na bi bayansu. Ina gudu lungu-lungu ina kuka, ina tunanin da wane ido zan kalli Inna Rabi.

A lungu na uku na same su a gindin bishiya suna shan shayi, shi Hausa, tsohon Sinanci, kowa na gyaɗa kai. Na cafki hannunsa, bugun zuciya lafiya lau. Sai na zube a ƙasa.

"Me ya tsayar da kai, Kawu?"

"Yaya ne ya ce in tsaya."

"Da wane yare?"

"Harara ya yi min. Ana yi wa babba gardama?"

Shekara huɗu ya ƙara a duniya. A ɗakinsa ya cika, muna kewaye da shi, kuma har yau ina gode wa Allah da bai karɓe shi a hannuna a can ba. Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya sa ka huta.