Man da na ɓoye wa mai kankare fuska

Assalamu alaikum. Ni 'yar Aliero ce, aure ya kai ni Maiyama a shekarun da aka yanke mana Kebbi daga Sakkwato. Lokacin ba ni da duniyar da ta wuce ɗakina da ɗiyana biyu. Karatuna bai wuce allo da ɗan abin da na tsinta a firamare ba, amma surutu kam Allah ya hore mini, har maigida kan ce rediyon da ya saya asara ce tunda ga ni. Wankan tarwaɗa ce ni, ban taɓa jin fatata ta dame ni ba sai da wata dillaliya ta kawo mini wani mai na ƙara haske. Na juye shi cikin gwangwanin man kaɗe don kar a gane. Da na fara fari, duk wadda ta tambaya sai in ce zaman ɗaki ne da shan nono.

Abin da dillaliya ba ta gaya mini ba shi ne man zai tsiro mini da gashi. Kafin shekara ta zagayo kumatuna sun yi wani laushin saje, ga wasu 'yan jijiyoyi jajaye suna nunawa ta ƙarƙashin fata. Ƙanwar maigida, wadda bakinta ya fi nawa kaifi, ta samu abin yi. Kullum ta shigo sai ta ce matar yaya, yaushe za a naɗa miki rawani, ko in kira wanzami? Ita ce dai ta kawo labarin wata mata a Jega, matar wani ma'aikaci da aka dawo da shi daga Sakkwato, wadda ta koyi gyaran fuska a Kaduna. Wai da 'yar aska irin ta asibiti take kankare gashi da matacciyar fata, mace ta tashi sumul kamar ƙwai. Ranar kasuwar Jega muka shiga mota tare.

Matar nan ba ta yi mini ha'inci ba, wannan zan faɗa ko gaban wa. Ta wanke hannu, ta ɓare sabuwar aska daga takardarta a kan idona, sannan ta ja ni bakin taga ta daɗe tana duban fuskata. Ta tambaye ni ko ina shafa wani mai, domin fatar da mai ya cinye ba ta ɗaukar aska. Na dubi gefe, ga ƙanwar maigida kan tabarma tana ɓare gyaɗa, kunnenta a buɗe. Na san in ta ji, kafin magariba Maiyama ta ji. Na ce man kaɗe kawai. Matar ta sake tambaya a hankali, ta ce 'yar uwa ki tuna dai. Kafin in buɗe baki ƙanwar maigida ta rantse mata cewa matar yayanta ko hoda ba ta dame ta ba, hasken na hutu ne.

Aka kwantar da ni, matar ta ce kar in motsa, kar in yi magana muddin aska na kaina. Ƙanwar maigida ta yi dariya ta ce yau za a ga abin al'ajabi. Ina jin askar tana tafiya a goshina, ƙyas ƙyas, kamar ana kankare ƙwarya. Goshi ya wuce lafiya, har na fara cewa a raina ƙila na tsira. Da ta sauko kuncin hagu, inda na fi lafta man, sai na ji wani zafi kamar an ɗora garwashi. Zuciyata ta ce ɗaga hannu, kunya ta ce bari ta gama. Ina cikin wannan sai na ji ɓarar gyaɗa ta tsaya. Matar ta yi salati. Fatar ce ta biyo aska, siririya kamar ɓawon albasa, jini na tsattsafowa yana gangara cikin kunnena.

Ta danne wurin da auduga, ta aiki ƙanwar maigida neman ƙanƙara. Da muka rage mu biyu ta sunkuyo ta ce don girman Allah in gaya mata gaskiya. Na gaya mata. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Cewa ta yi da na ko ƙyafta mata ido, da ta ce yau ba ta da aska, mu rabu lafiya ba wanda ya ji. Ta ce in wuce asibiti yanzu, in faɗa musu sunan man. Na ce to, amma na ja mayafi muka koma gida cikin rana da ƙurar mota, don asibiti ma tambaya za su yi.

Kwana kaɗan kunci ya kumbura ya rufe mini ido, yana ruwa, zazzaɓi ya kwantar da ni. Maigida ya ɗauke ni sai asibitin Jega, yana faɗa tun daga hanya cewa sai matar nan mai aska ta gane kurenta, ƙanwarsa na ƙara masa wuta. Malamar asibiti ta buɗe ciwon ta duba. Ta ce wanga ba yankan aska kaɗai ba ne, kuma in ba ta san abin da ya cinye fatar ba, maganin da za ta sa zai iya ƙara ɓata ta, ruɓar ta ci gaba har gefen ido. Ga maigida tsaye, ga ƙanwarsa riƙe da mayafina. Na rufe idon da ya rage mini na faɗi komai, har gwangwanin. Can sai na ji ƙanwar maigida ta ce, cikin wata murya da ban san ta da ita ba, ashe ita ta rantse a kan ƙarya.

Allah ya tsare idona, ciwo ya warke bayan jinya mai tsawo, amma ya bar mini baƙin tabo kamar faɗin tafin jariri a kunci. Da na daina man, kalata ta dawo, gashin ma ya ragu da kansa. Tabon ne bai tafi ba.

'Yan uwana mata, yanzu na ji gyaran nan ya yawaita a birane. Ban ce mugun abu ba ne, a hannun wadda ta iya kuma a kan lafiyayyar fata. Amma duk wadda za ta ɗora miki ƙarfe a fuska, in ta yi tambaya, ba gulma take nema ba. In akwai wadda kike jin kunya a ɗakin, ki ce ta ba ku wuri. Ni mutum ɗaya na guje wa ta sani, yau ko yaro ya gaishe ni, kuncin yake fara gaisarwa.