Kunun Baba Ummaru a Bayan Labule

Har gobe ban manta da ranar da aka kawo mana Baba Ummaru mahauci ranga-ranga ba, a farkon wani azumi. Lokacin ina jami'in lafiya a wani ƙaramin asibiti a Jega, irin mu da ake ce wa likita ko da ba mu kai ba.

Ciwon suga gare shi, kuma allura ake yi masa. Ga wanda bai sani ba, mai wannan allura dole ya ci abinci. In bai ci ba sugan ya faɗi, ya suma, wani ma daga nan sai kabari. Muka ɗaura masa ruwa, da ƙyar ya buɗe ido. Wallahi na tsorata.

Na yi masa bayani yadda aka koya mana. Na kira Malam Sani, limamin unguwarsu, shi ma ya gaya masa hukunci: marar lafiya irinsa ya sha azumi, ya ciyar. Baba ya ce ya ji. Ba a jima ba aka sake kawo shi a sume. Raina ya ɓaci, yana farfaɗowa na ce, "Haba Baba! Asibiti ya ce ka ci, Malam ya ce ka ci, wa kuma kake jira?"

Ya ce, "Likita, ban musa maku ba. Amma ina zan ci? Kasuwa, gaban mutanen da na koya ma fawa? Ko gida, da furfurar ga tawa, jikoki na kallo? Kowa ya ce in ci, babu wanda ya ce mani ina."

Na samu shugabarmu, Hajiya Rabi, ta ba mu wani ɗan ɗaki mai labule da ke bayan wurin allura. Kullum kafin azahar sai Baba ya ce wa 'yan kasuwa ya tafi awon suga, kuma ba ƙarya ya yi ba, muna auna shi. Matarsa ta aiko da kunu a rufe, ya sha, ya goge baki, ya fito yana tsokanata: "Sannu da ƙishirwa, Likita!"

Bai sake faɗuwa ba. Ranar Sallah da na hango shi a filin idi, ya zo da ƙafarsa, na sauke wata irin ajiyar zuciya.

Ku masu tasowa a wannan aiki, littafinmu na asibiti bai yi ƙarya ba, Malam ma haka. Amma in kun gaya wa mutum abin da zai yi, ku tsaya ku tambaye shi a ina zai yi shi.