Ranar da Malam ya ce ya gaji

Shekara goma sha biyar ke nan da rasuwar maigidana. Sunansa Isiyaku, amma tun da aka ɗaura mana aure Malam nake ce masa. Tsofaffin Hausawan Greensboro kuwa da wani suna daban suka san shi, wato Na-Gaji. Da shi ake kiransa a wajen suna da walima, yana amsawa da fara'arsa. Ni kaɗai sunan yake ƙona wa rai, domin na san inda aka samo shi, kuma Malam ya sa na yi alkawarin ba zan faɗa ba muddin yayana yana raye. Yaya Sani ya rasu bara, Allah ya jiƙansu duka, don haka yau zan faɗa.

Malam ɗan Kwatarkwashi ne, a gindin dutse aka yanke cibiyarsa. Ya zo nan Amurka karatun ilimin ƙasa a ƙarshen shekarun 1970, na biyo shi ina koyon aikin jinya. Muna haya a unguwar Glenwood, a wani ɗan gidan katako wanda in maƙwabci ya yi tari sai ka ce masa sannu. Ranar Asabar, in ba shi da aiki a masaƙar da yake ɗan taɓawa, sai ya tada tsohuwar motarmu ya nufi tsaunukan da ke yamma da gari. Abokansa sun kasa gane masa. Mutum ya hau dutse, ba kiwo ba, ba farauta ba, ba neman saiwar magani ba, ya kai sama ya juyo hannu rabbana? Ni ma haka na ce da farko. Sai ga ni da takalma masu nauyi kamar turmi, ina bin sa a baya ina mita, har abin ya shiga jinina.

Amma waɗannan tsaunuka share fage ne a wurinsa. Akwai hoton da ya manna a bangon ɗakinmu, na wani dutse a jihar Colorado mai farar ƙanƙara a ka, da tafki kwance a gindinsa. Shekara da shekaru yana shirin wannan dutse. Yakan cika jaka da littattafai ya yi ta hawa da sauka a matakalar laburare, in na yi masa dariya ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Muka sa rana a hutun shekarar da zai gama karatu.

Ana saura kwanaki kaɗan mu tashi sai ga Yaya Sani. Hafsan soja ne, an turo shi kwas Amurka, ya biyo ya ga ƙanwarsa. Da ya ji inda za mu, ya ce da shi za a tafi, wai wanda ya ga yaƙi dutse ne zai ba shi tsoro? Na kalli Malam, Malam ya kalli ƙasa. Yayan mata suruki ne. Malam ko abinci ba ya iya ci a gabansa, balle ya ce masa bai shirya ba.

Ban taɓa ganin ruwa irin na tafkin nan ba. Shuɗi ne garau, kana hango tsakuwar ƙasansa, amma da na tsoma hannu zan yi alwala sai da na ji sanyin har cikin haƙorina. A bakinsa muka kafa tanti. Da gari ya waye muka kama hanya, da farko cikin dogayen itatuwa, daga nan itatuwan suka gajarce har suka ƙare, sai tarin duwatsu masu zamewa ƙarƙashin ƙafa. Yaya ne a gaba, ina tsakiya, Malam a baya. Kullum a baya yake tafiya. Ya ce kakansa madugu ne a fataucin goro, kuma madugu a ƙarshen ayari yake, don ya ga wanda kayansa suka karkace.

Wanda bai hau irin wannan dutse ba ba zai gane ba, amma can sama iskar ba ta ƙosar da mutum. Ka ja numfashi ka cika ƙirji, ka ji kamar ba ka ja ba. Wani jikinsa yakan saba, wani kuwa ruwa ne ke taruwa a huhunsa, kuma ƙarfi ko jarumta ba su da ta cewa a ciki. Maganinsa ɗaya ne, a sauka. Wajen hantsi na ga Yaya yana taka ƙafa kamar mai jin barci, yana wani busasshen tari, leɓensa ya yi toka-toka. Na ce, “Yaya, ina gajiya?” Ya ce, “Ba gajiya.”

To, haka aka rene mu. Bahaushe ko a bakin kabari ka tambaye shi, lafiya lau zai ce maka. A zaure wannan ɗabi'a ado ce, amma a kan dutse tana kisa. Na cire kunya na ce, “Yaya, jikinka ba daidai yake ba, mu sauka.” Ya juyo ya harare ni. “Ke Rabi, yaushe aka haife ki? Don kin riƙe allura kwana biyu? Wuce mu tafi.”

A gabanmu kuwa hanyar ta tsuke ta zama siririn doro, kwazazzabo dama da hagu, wurin da sai an ɗaura igiya ake bi. Bayansa ga ƙololuwar nan ta hoton bangonmu, kusa har ina ganin iska tana kwasar ƙanƙara daga kanta. Na san in Yaya ya hau doron nan da wannan tangaɗi, gawarsa ma ba za mu samu ba.

Sai na ji motsi a bayana. Malam ne ya sauke jaka ya zauna daɓas a kan dutse, ya dafe gwiwa. Ya ce, “Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa. Na gaji. Ƙafata ta ƙi.” Mutumin da ko zufa bai yi ba! Har da wani haki yake yi na ƙarya, wanda ko yaro ba zai ruɗa ba. Amma Yaya ba ya cikin halin lura. Ya tsaya yana kallonsa, sannan ya ce, “To, ai ba ma bar ka a nan ba.” Malam ya roƙi alfarmar ya dafa kafaɗarsa wajen sauka. Haka suka gangaro, ana cewa Malam ne ke dafe da Yaya, ni kuwa da ke biye ina ganin hannun da ke riƙe da wani. Sau ɗaya tak Malam ya waiwaya ya kalli ƙololuwar. Ba mu tsaya a tafkin ba sai don naɗe tanti, muka ci gaba da gangarawa har numfashin Yaya ya dawo daidai.

Da muka koma Greensboro aka yi wa Yaya liyafar ban kwana a gidan wani Alhaji. A nan ya ba da labari, wai surukinsa masanin duwatsu ya zauna yana cewa na gaji, sai da soja ya sauko da shi. Aka yi ta dariya, suna ya kama. A mota na fashe da faɗa, na ce wallahi sai na tona. Malam ya ce, “Rabi, ni suna aka sa mini, shi kuwa yana numfashi. Bar shi ya koma gida da girmansa.” Na ce to dutsen fa? Ya ce dutse ba ya ƙaura. Gaskiya ne, bai ƙaura ba, amma haihuwa ta zo, aiki ya zo, gwiwar ma daga baya ta lalace da gaske. Malam bai sake komawa ba, kuma wannan yana yi mini ciwo har yau.

Yanzu jikarmu Amina ce mai hawan duwatsu. Tana da agogon da ke gaya mata bugun zuciyarta, da wayar da ke nuna mata hanya, in ta kai sama ta ɗauki hoto duniya ta gani kafin ta sauko. Nakan tambayi kaina me Malam zai ce. Na san zai yi murna, zai jujjuya takalman nan nata marasa nauyi yana santi. Amma na tabbata kafin ya kalli hoton zai tambaye ta wa ke tafiya a ƙarshen ayarinsu, domin har yanzu ba a ƙera agogon da zai gaya maka na gabanka yana ɓoye ciwo ba.

A shekararsa ta ƙarshe, da ciwon zuciya ya ci ƙarfinsa, likita ya ce ya riƙa ɗan tattaki. Mukan zaga wani ƙaramin tafki a wurin shaƙatawa kusa da gida. Wata rana na ga leɓensa ya yi irin launin nan da na sani. Na ce ya jiki, ya ce lafiya lau, shi ma ai Bahaushe ne. Sai na nemi benci na zauna, na dafe gwiwa, na ce, “Malam, na gaji.” Ya tsaya yana kallona, sannan ya yi dariya har da tari. Ya ce, “Ba ki iya ba, na fi ki iyawa.” Amma ya zauna.

Ko Yaya ya gane daga baya, Allah masani, bai taɓa ce mini komai ba. Malam bai bar gidaje ba, bai kai ƙololuwar da ya yi wa tanadi ba. Abin da ya bari shi ne 'ya'ya shida da Yaya ya haifa bayan waccan tafiya, da jikokinsu, waɗanda yau za su karanta wannan su san wanda ya riƙo ubansu daga kan dutse. Masu kiransa Na-Gaji kuwa, ku ci gaba, na daina jin haushi. Sai dai in kun kira, ku haɗa masa da addu'a, don gajiyar ba tasa ba ce, ta surukinsa ce ya ɗauka.