Tulun Maharbi da Jarkokin Kawo

Mu a gidanmu na Unguwar Dosa, da an ɗauke wuta bayan magariba sai mu ce ta samu. Kakarmu, Iya, za ta jawo kurfoti tsakar gida tana gasa mana masara, mu kuma mu zagaye ta. Ni take fara tsokana: "Maigidana, matso nan, ragon miji mai tsoron duhu."

Akwai tatsuniyarta ɗaya da take hana ni sukuni. Wai wata mata ce ta ji ƙishin-ƙishin yunwa na tafe, ta tara gero, ta rasa mazubi. Sai ta tsinci tulu mai kyau a kangon wani maharbi. Ta wanke shi tas, ta zuba geron, ta liƙe bakin da laka. Ashe a ciki yake jiƙa dafin kibiya. Da yunwa ta zo, ta dama wa 'ya'yanta kunu.

"Iya, sun mutu?"

"Ci masararka," in ji ta. "Mazubi dai ba ya manta abin da ya taɓa sha."

Ba ta taɓa ƙarasa mana ba, wallahi, har ta rasu.

To kwanaki na dawo hutu, ina ta murna an gama jarrabawa, sai na tarar gari ya ɗau raɗe-raɗin dokar hana fita. Umma ta sayo jarkoki biyu a kasuwar Kawo, ta cika ɗaya da wake don kada ƙwari su ci. Na buɗe wadda ba komai a ciki, na shinshina. Kai! Ƙarƙashin ƙamshin sabulu, warin maganin feshi ne.

"Umma, wannan fa ta maganin gona ce."

"Na wanke ta har da ruwan zafi. Kai dai ka cika iyayi."

"Roba tana shanyewa, Umma. An dafa waken?"

Ta kalli ƙanwata Ummi, wadda ke lasar cokali.

"Gobe na so in yi alala," ta ce a hankali.

Mun haƙa rami mun binne waken, Umma ba ta iya kallo ba. Yanzu jarkar man girki kawai muke ɗauka, wadda muka san asalinta, a wanke a shanya ta bushe ƙayau.

Abin da ke damuna, mai jarkokin nan tuli guda gare shi, kuma Umma ta ce ran nan layi ake yi a gabansa.