Jan Fenti a Rijiyar Ɗanzomo

Har gobe idan na ga jan fenti sai na tuna ranar da muka buɗe rijiyar burtsatse a wani ƙauye kusa da Ɗanzomo. A tsakiyar shekarun saba'in ne, da bazara, ina ƙaramin injiniya a Gumel.

Injin da ke juya famfon na lantarki ne mai maganaɗisu, ni aka ba aikin haɗa masa akwatin da zai riƙe gudunsa. Irin wannan inji halinsa ba miƙaƙƙe ba ne: ninka masa wuta ba ya nufin ninka gudu. Dabararmu ita ce a zaɓi gudun da zai riƙa aiki a kai, a yi lissafi kamar a miƙe yake a daidai wannan wurin kaɗai. Da an yi nisa, lissafin ya tashi aiki. Shi ya sa na shafa jan fenti a inda abin murɗawa zai tsaya, na kuma yi wa shugabanmu, Alhaji Sabo, bayani. Ya saurare ni yana sakace.

Ranar buki gari ya cika, Arɗo ya zo da jama'arsa, shanu na jiran kwami. Tsohuwar rijiyarsu zurfi gare ta, sai da bijimi ake jan guga. Na kunna, ruwa ya zo sumul. Amma Alhaji ya taho da maroƙinsa daga Gumel, shi kuwa ruwa mai natsuwa bai isa kirari ba.

"Sabo mai tsaga ƙasa! Ƙara musu su gani!"

Sai ga babbar riga ta nufo akwati.

"Ranka ya daɗe, iyakarsa ke nan, jan nan," na ce.

"Kai yaro, fenti ne zai hana ni?"

Ya murɗe shi har ƙarshe. Ruwa ya yi tsiri sama, mata suka rangaɗa guɗa. Daga nan inji ya fara, ya zabura ya lafa, ya zabura ya lafa, akwati na binsa da gyaran da ba na wurin ba. Kafin in kai hannu ƙauri ya tashi. Maroƙi ko a jikinsa, sai da ya kai ƙarshen baitinsa.

A ofis aka ce lissafin yaro ne bai nuna ba. Wannan bai ƙona mini rai kamar Arɗo ba. Bai zagi kowa ba, ya dubi ɗansa kawai ya ce, "Je ka ɗauro wa bijimi igiya." Haka suka ƙarasa bazarar.

To ku yaran yanzu, kowane lissafi da iyakar inda yake gaskiya, sai ku san ta. Amma kada ku tsare ta da fenti. Ni tun daga ranar guntun ƙarfe nake sawa a yi waldarsa a wurin, don ƙarfe ba ya jin kirari.